Ƙullin da Pariza ta Ɗaura

Ni na riga kowa gani. Tun su kansu ba su farga ba na gano, ni Otegen, da ban taɓa zama a aji ba amma na yi kwana uku a tsakiyar tafkin gishiri na Barsakelmes na fito da ƙafafuna. Ina zaune a inuwar gidan Sarsenbay ranar da Jalgas direba ya fara tsayawa da baƙinsa masu zuwa kallon tafki. Pariza, 'yar Sarsenbay, ta miƙa masa shayi, ya tsaya kallonta har kofin ya ƙona shi bai ji ba. Na ce a raina, wannan ya faɗa tarkon so.

Gidan Sarsenbay shi ne na ƙarshe a ƙauyenmu. Daga shi sai iska, sai fari fat har inda ido ya gaji. Uwar Pariza ta rasu, yayyenta sun koma birni. Takan yini ba ta yi magana da kowa ba sai taguwar da take tatsa.

A ƙofar gidan akwai igiya. Duk motar da za ta gangara tafki sai ta tsaya, direba ya faɗi lokacin dawowa, a yi ƙulli. In ya dawo a kwance. In la'asar ta yi ƙulli yana nan, sai a ɗaura wa raƙuma sirdi a bi sawu.

Waya ba ta kamawa sai a kan tudu, tafiyar rabin awa. Kullum bayan tatsa Pariza tana can a tsaye, waya a sama kamar mai roƙon ruwa.

Wata rana saƙon Jalgas ya shigo: "Janim, masoyiyata, ran Asabar zan kawo mutum huɗu. Me zan riƙo? Ban da zuciyata, tana wurinki."

Ta mayar masa: "Zuciya ba ta kashe ƙishirwa. Ruwa jarka biyu kowane mutum, taya biyu, shebur, baƙin tabarau, da takalmi mai kauri don gishiri na yanka ƙafa. Ka taso da sassafe. In mota ta kafe, kada kowa ya bar wurinta. Na yi kewarka, amma kaɗan."

"Kaɗan ɗin nan ya ishe ni guzuri, tauraruwata."

Da kunnena na ji dariyarta daga gindin tudu, abin da ban ji ba tun rasuwar uwarta.

Shi kuwa Sarsenbay hankalinsa na kan Polat, ɗan amininsa mai aiki a kamfanin gas. "Direban birni?" in ji shi. "Su ne fa muke tonowa daga taɓo duk shekara." Ranar da Jalgas ya zo da maganar aure, tsohon ya cika masa kofi har baki. Kowa a nan ya san cikakken kofi sallama ce, wato tashi ka tafi. Jalgas ya shanye, ya tashi. Da ya koma birnin Kungrad wani magulmaci ya ce masa ai kullum motar Polat na ƙofar gidan, magana ta ƙare. Sai ya daina rubutu.

Kwana goma sha ɗaya Pariza tana hawa tudu. Ta aika, "Ka yi shiru." Ta sake aikawa, "An yi ruwa shekaranjiya, bakin tafki ya jiƙe, ka yi hankali." Babu amsa. Takan zauna a kan dutse har inuwarta ta yi tsawo, ta sauko tana goge ido, ta ce iska ce.

Wata safiya ta hango farar motar Jalgas mai shuɗiyar ƙofa ɗaya, ta yi nesa da gidan, ta zaga ta hanyar gabas ta gangara. Kunyar kofi ta sa ya wuce bai faɗa wa kowa ba. Pariza ta sauko, ta je ƙofa, ta ɗaura ƙulli da hannunta.

La'asar ta yi, motar ba ta dawo ba.

"Baba, akwai ƙulli."

"Na wa? Yau ba wanda ya tsaya."

"Na Jalgas. Ni na ɗaura."

"Wanda bai gaishe ni ba ba ya kan igiyata, 'yar taguwata."

"To kwance shi da kanka, Baba, in ka ga ya dawo."

Sarsenbay ya daɗe yana kallon igiyar. Ubansa bai taɓa kwance ƙullin wanda bai dawo ba. Ya juyo gare ni. "Tsohon banza, tashi mu je."

"Da ma in ba ni, ai ba inda za ka," na ce masa. Kuma ni na gano sawun, kada wani ya gaya muku wani abu daban.

Muka same su mota ta nutse a taɓo har ciki. Jalgas ya ɗaura bargo ya yi wa baƙi inuwa, yana raba musu ruwa da murfin jarka, shi leɓensa ya tsage. Sun so su taka da ƙafa ya hana. Da sun taka, da yanzu wani labarin nake ba ku.

"Wa ya ce ka zauna wurin mota?" in ji Sarsenbay.

"'Yarka, Aga," in ji Jalgas. Haka muke kiran babba a nan.

"Ita kana jin maganarta, ni ba ka iya gaishe ni?"

"Ka cika min kofi, Aga."

"Shi ne za ka kashe mutum huɗu? Sakarai. Kakanta sau uku yana cika min, na dawo na huɗu."

Pariza na kan raƙumi a bayanmu. Jalgas ya sunkuyar da kai. "An ce Polat…"

"Polat ya sami amsarsa tun tuni," in ji ta. "Da ka buɗe wayarka da ka sani."

A hanyar dawowa Sarsenbay ya faɗi abin da ke cinsa, a hankali, ba ya kallon kowa. "In ka ɗauke ta, ni da raƙuma kaɗai za mu rage."

"Ba zan ɗauke ta ba, Aga. Ni zan dawo nan, in akwai wuri."

"Wuri? Dube shi, har ya yi yawa."

Da kaka aka ɗaura aure. Yayyenta suka zo, aka yanka raƙumi, shinkafa tukunya uku, motoci suka cika filin da shekara da shekaru bai ga mutum goma a tare ba. Ni na yi addu'a, kuma ba a taɓa jin irinta a wannan yanki ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin magana.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo. Ya jira a yi ruwa, ya hau gishirin nan shi kaɗai bai faɗa wa kowa ba. In ya dawo, in aske gemun nan in ba shi.