Wadda Ayari Ya Bari

Ranar da aka fara jifa a gidan Bulama Yahya, almuru ne kamar kowane almuru. An dawo daga gonakin masakwa, dawar rani, hayaƙi ya kwanta bisa rufin kwano. Yahya, mai unguwar Zangon Falalu, ƙaramin ƙauyen da ke kudu da Tukura, yana zaune yana faɗa wa 'yarsa Bahijja asalin garin tana rubutawa. Ma'aikatan filaye daga Injamena ne suka nemi takardar kafin su fitar da titi.

"Kakana Alhaji Falalu," in ji shi, "da ya dawo daga Makka, daji ya iske ba kowa, ya sare shi."

Sai dutse ya faɗo kan kwano. Sai wani. Aka leƙa waje, ko kare babu. Ƙasar nan kuwa laka ce zalla, ko tsakuwa sai mota ta kawo.

Kwana uku ana haka, daidai faɗuwar rana. A na huɗu Bahijja ta sandare, idanunta suka juye, ta kira ubanta da muryar wani tsoho: "Yahya, maƙaryaci." Da gari ya waye Bulama ya tafi unguwar Waliya ya ɗauko Faki Abdurrahim, malamin da ya san sha'anin iska.

Faki ya daɗe yana karatu a kanta, har inuwa ta miƙe. Sannan ya ce, "Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Na riga kogin Shari zama a nan," in ji muryar. "Ayarin alhazai ya sauka. Agana ta kama Zaliha, ƙanwar Falalu. Suka ajiye ta da ƙwaryar hatsi, suka wuce gabas, shi ne a gaba. Ni na nuna mata ruwa. Ba ta cinye hatsin ba, shukawa ta yi. Bayan shekara bakwai ya dawo neman ƙasusuwanta, ya iske rumbu uku. Ya ci, ya sa wa gari sunansa. Yanzu kuma titi zai bi ta kan kabarinta. Ku ba ni wannan yarinyar a madadinta."

"Wannan ba taka ba ce. Nemi abin da ya halatta."



Muryar ta ce, "A faɗi sunan Zaliha a gaban jama'a. A kewaye kabarinta, bayan tsohuwar rijiya."

Faki ya juyo. "Bulama, gaskiya ne?"

Yahya ya sunkuyar da kai. Kakarsa ta taɓa raɗa masa labarin, ya haɗiye shekara hamsin. "Gaskiya ne, Faki. Na yi alkawari."

Bahijja ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji."

Ran Juma'a Yahya ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗi kome, dattawa na kallon ƙasa. Da la'asar suka ɗauki bulo suka kutsa saurar da ke bayan rijiya, inda ƙaya ta rufe hanya tun kafin a haifi yawancinsu. Suka sare, suka shiga.

Kabarin yana nan, ba ko ciyawa ɗaya a kansa. An share kewayensa fes, sawun tsintsiyar ma bai bushe ba.