Abin da Sista Ta Binne a Gindin Tsamiya

Ranar wata Talata ce, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan duwatsun Roni, kaji sun fara shiga akurki ɗaya bayan ɗaya. Tasalla tana gaban murhu tana tuƙa tuwon dawa, 'yarta Zulaiha, budurwa 'yar shekara goma sha tara, tana gefe tana kaɗa miyar kuka. Maigidan, Haladu, ya ɗauki buta ke nan zai yi alwala. Babu abin da ya raba yammacin nan da na jiya, sai wani shiru da ya sauko gidan a hankali, har akuyar da ke turke ta daina tuƙa.

Sai aka ji ƙwal a kan kwanon ɗaki. Aka ƙara. Aka sake ƙarawa.

"Kai! 'Ya'yan wane ne marasa kunya?" in ji Haladu. Ya leƙa waje, babu kowa a lungun, ko kare. Kafin ya dawo duwatsu sun fara sauka a tsakar gida, ƙanana, ba su taɓa kowa, suna faɗowa a tsaye kamar daga sama ake sako su. Tasalla ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Da ta buɗe hannunta sai ta ga ba dutse ba ne, busasshiyar tsamiya ce. Alhali duk unguwar babu bishiyar tsamiya. Guda ɗaya ce dama, can bakin gari a harabar tsohon asibitin Sista, ita ma an sare ta ranar Asabar.

Ta jefa ta cikin wuta da sauri, ba ta nuna wa kowa ba.

Kwana huɗu ana haka. Da zarar ladan ya gyara murya domin kiran magariba sai jifa ya fara, sai an idar da salla ya tsaya. A rana ta uku suka ji kukan jarirai a bayan ɗaki, ba ɗaya ba, ba biyu ba, siriri, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. A rana ta biyar Zulaiha ta ajiye ludayi, ta miƙe tsaye, ta tafi bayan ɗaki ta durƙusa tana tonon ƙasa da farcenta har yatsunta suka yi jini. Da uwar ta kama ta, sai ta waiwayo da wasu idanu da ba nata ba.

"Tasalla," ta ce, da muryar tsohuwa tukuf. "Ina kaskon?"

Yarinyar da tun da ta buɗe baki ba ta taɓa kiran sunan uwarta ba, Inna take cewa. Allah ya raba kowace uwa da ganin irin wannan rana. Haladu ya yi ta salati yana tambaya, wane kasko? Tasalla ta ce ba ta sani ba. Amma ta sani. Tun ranar tsamiyar farko ta gane, domin akwai abin da ta haɗiye shekara bakwai, kullum yana nan tokare a ƙirjinta.

Sista Filomina Baturiya ce, 'yar ƙasar Ailan, daga cikin matan nan na cocin Katolika da ba sa aure, suke ba da rayuwarsu ga hidima. Ta zo garin tana da ƙuruciyarta, ta buɗe ɗan asibitin haihuwa mai ɗaki uku, ta zauna fiye da shekara talatin. Hausa ta zauna a bakinta, har Fillanci tana taɓawa. Da damina takan hau babur ta ratsa taɓo zuwa rugage, ta dawo farin mayafinta ya zama ja. Da azumi ba a taɓa ganin ta kai ruwa baki a gaban mutane ba. In an haihu, ita da kanta take leƙawa waje ta ce, "Ina uban? Zo ka yi masa kiran salla a kunne, kada ka tsaya kana washe baki." Tasalla ta yi shekara ashirin tana aiki a ƙarƙashinta, daga shara har ta iya karɓar haihuwa.

To, akwai matan makiyaya da naƙuda ke kamawa a kan hanya. Su haihu, kwana biyu uku su bi shanunsu. Ba su da bayan ɗakin da za a binne musu mabiyiya, abin nan da ke biyo jariri bayan ya faɗo. Da can Sista ƙonawa take yi. Tasalla ce ta riƙe hannunta wata rana ta ce, "Haba Sista, wannan ba a ƙona ta. Wankewa ake yi a sa a kasko, a binne inda ido ba ya gani." Sista ta ce a koya mata. Tasalla ce ta zaɓi gindin tsamiya, ita ce ta ce a bari sai almuru in ƙafa ta ɗauke. Tare suke haƙa ramin. Ko mabiyiyar Zulaiha can take, domin shekarar da aka haife ta ruwa ya rushe musu ɗaki, Haladu kuma yana fatauci a Nijar.

Sai wata shekara magana ta tashi a gari, wai Baturiya tana binne asiri a gindin tsamiya domin ta juya zukatan jarirai su bar addini. Aka taru a zauren mai unguwa, Kawu Ashiru. Sista ta yi bayani, aka ce ai dole ta faɗi haka. Kawu Ashiru ya juyo ya ce, "Tasalla, ke ce hannun damanta. Tsakaninki da Allah, me take binnewa?"

Tasalla ta dubi zauren. Dama an jima ana raɗe-raɗin wai ita ma ta sha ruwan coci, har wasu sun daina cin abincinta a gidan suna. Ta hango mijinta a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Sai ta ji bakinta ya ce, "Wallahi ban sani ba, Kawu. Ni shara kawai nake yi."

Sista dai ta dube ta, ta gyara gilashinta. Daga ranar mata suka ɗauke ƙafa, kafin shekara ta zagayo aka rufe asibitin. Ranar da mota ta zo ɗaukar Sista, Tasalla ta shige ɗaki ta ja ƙofa, tana jin ƙarar motar ta tsaya a ƙofar gidansu na ɗan lokaci, sannan ta wuce. Tun daga nan mai naƙuda sai an ɗora ta a babur zuwa Kazaure. Dela, maƙwabciyarta da suke surfe tare tun suna amare, a hanyar nan ta cika, ita da abin da ke cikinta. Tasalla ce ta yi mata wanka. Ba ta faɗa wa kowa komai ba.

Da abin Zulaiha ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta daina cin abinci, ta rame kamar kara, sai Haladu ya tafi Babura ya ɗauko Malam Muhammadu Lawal, wani dattijo mai sanyin magana da ya shahara da ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar. Ya sa aka daka ganyen magarya aka zuba a ruwa, aka lulluɓe yarinyar da babban mayafi aka zaunar da ita a tabarma, uban yana riƙe da kafaɗunta. Kawu Ashiru ma ya shigo dubiya, ya zauna a kan turmi. Malam ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe tsakar gidan.

Can sai jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Ta yi wata dariya busasshiya.

"Ya isa, ɗan Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Sunana ya fi ƙarfin bakinka. Baturiyar nan maƙwabciya take ce mini. In za ta haƙa rami sai ta yi sallama ta ce, maƙwabta a gafarce mu. Ba ta taɓa ganina ba, amma ta fi mutanen garin nan ladabi."

"Musulma ce ke?"

"Ina salla tun kakanka bai san gabas ba."

"To, musulma, me 'yar mutane ta yi miki?"

"An sare mini gida. Shekara ɗari uku ina cikin tsamiyar nan. Aka zo da gatari wai za a tone asiri. Me kuka tarar, Ashiru? Faɗa masa mana, ka yi shiru kamar an aiko ka."

Kawu Ashiru ya dubi Malam. "Fasassun kasake ne kawai, Allah gafarta Malam."

"Amanar da aka ba ni ke nan, ina gadi. Duk masu ita sun bi shanu sun watse cikin duniya, wannan kaɗai ce a kusa. Mabiyiyarta a gidana take, to ni ma na zo gidanta. Na zauna ke nan."

"Ba za ki zauna ba," in ji Malam. "Jikin nan ba naki ba ne."

"To a yanka mini baƙin bunsuru."

"Ko ɗan tsako ba za a yanka miki ba. Jini na Allah ne shi kaɗai." Ya ci gaba da karatu, ya yayyafa ruwan. Yarinyar ta ƙwalla ƙara har awaki suka tsinke igiya.

"Tsaya! Tsaya, zan fita. Akwai kogo a duwatsun yamma, 'yan'uwana suna can. Amma ba zan taka ko'ina ba sai wadda ta jawo mini gatari ta buɗe bakinta. Ga ta can a rakuɓe jikin rumbu. Tasalla 'yar shara! Wa ya zaɓi gindin bishiyata?"

Kowa ya waiwayo ya dubi Tasalla. Malam ya juya, bai dube ta kai tsaye ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ni ba na karɓar sharaɗin aljani, kuma maganarsu ba hujja ba ce. Zan iya ci gaba da karatu har ta fita don dole, sai dai yarinyar za ta sha wuya, ga shi jikinta babu ƙarfi. Amma in akwai haƙƙin wani a wuyanki, wannan ba saboda aljana za ki sauke shi ba."

Tasalla ta dubi yatsun 'yarta da suka leƙo daga ƙarƙashin mayafi, duk farcen sun kakkarye. Sai ta zube a ƙasa.

"Ni ce," ta ce. "Kawu, ni ce. Mabiyiyar matan Fulani ce muke binnewa, har da ta Zulai. Ni na koya mata, ni na nuna mata wurin, da hannuna nake haƙa ramin. Na yi rantsuwa a kan ƙarya a zaurenka saboda tsoron bakin mutane. Matar nan ba ta taɓa ce mini in bar salla ba, ita ce ma take cewa, Tasalla tashi, lokaci ya yi. Na kashe mata asibiti. Da yana nan da Dela ba ta hau babur ba."

"Wannan kuma kwana ne ya ƙare," in ji Malam a hankali. "Sauran dai naki ne."

Kawu Ashiru ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana ta innalillahi.

"Na ji," in ji muryar, ta yi laushi yanzu kamar ta mai jin barci. Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah ba za ta dawo ba, ba kuma za ta taɓa wani a garin ba. Ta yi. Ya ce ta fita ta babban yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta miƙe tana karkarwa, yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin ubanta. Daidai nan ladan ya kira magariba. Suka kasa kunne gaba ɗayansu. Ko tsakuwa ba ta faɗo ba.

"Inna," in ji Zulaiha, "ƙishirwa nake ji."

Ranar Juma'a Kawu Ashiru ya tara mutane a zauren nan dai, Tasalla ta maimaita abin da ta faɗa, kanta a sunkuye. Wasu suka yi mata Allah wadai, wasu suka sulale suka tafi. Malam ya gaya mata yadda za ta yi kaffarar rantsuwa, ya ce amma haƙƙin Sista sai Sista.

Da Zulaiha ta yi ƙwari suka shiga mota su biyu zuwa Zariya, inda aka ce akwai gidan da ake kula da tsofaffin sistoci, domin Sista can take, ta ƙi komawa ƙasarsu. Wata matashiyar sista ta kai su baranda. Ta ce musu tsufa ya cinye tunanin Sista Filomina, har Turancin ya gudu, Hausa kaɗai ta rage mata.

Tana zaune a keken marasa lafiya, ta ƙanƙance, gashinta fari fat. Ta kamo hannun Zulaiha ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa. "Jininki ya yi kaɗan, 'yata. A riƙa ba ki zogale."

Tasalla ta durƙusa a gabanta. Ta faɗi komai tun daga zaure har tsamiya, tana kuka tana roƙon gafara. Sista tana ta kallonta da murmushi, tana gyaɗa kai kamar mai sauraron ruwan sama.

"Daga ina kuke?"

"Daga Roni, Sista. Ni ce..."

"Roni!" Fuskarta ta washe. "To in kin koma, don Allah ki gaishe mini da Tasalla. Kin san ta? Ba ni da kamarta a garin nan. Mace ce mai amana."

Tasalla ta daɗe a durƙushe, tana riƙe da hannun nan mai sanyi. Zulaiha ta kau da kai.

"Za ta ji, Sista," ta ce.