Sarauniyar da Ta Tsaya Tsinkar Ganye

Ka san daga tsutsa ake samun alharini?

An ce a wata tsohuwar daula a ƙasar Sin, mata ba sa ciyar da tsutsar sai sarauniya ta fara tsinko ganyen da tsutsar ke ci da hannunta.

Ranar tsinkar, mahara suka kewaye birni, sarki ya tsere.

Sarkin yaƙin birnin ya ce wa sarauniya, "Ranki ya daɗe, doki na jira!"

Ta ce, "Mata ma na jira. In tsutsa ta mutu, me za su saƙa?"

Ta shiga lambu, ta tsinki ɗaya, ta tsinki biyu, ta tsinki uku. Aka buga ƙararrawa, mata suka fara ciyarwa. A lambun mahara suka kama ta.

Ba wanda ya rubuta sunanta. Kai ka raɗa mata suna, ka ba ƙannenka labarin.