Matar da Ta Zo Duba Yeimi

Madara muka fita sayowa. Ranar Alhamis ce, rana ta faɗa bayan dutse amma da sauran haske. Ina gaba da jarka, Ornella na biye da ni, riƙe da hannun Yeimi.

Gidan saukar baƙi gare ni, ɗakuna biyar, kuma shekara goma sha tara ke nan baƙina iri ɗaya ne: Turawan da suka zo Kolombiya ɗaukar riƙon yaro. Hukuma ta riga ta miƙa musu yaron, amma ba su isa su fita da shi daga ƙasar ba sai alƙali ya sa hannu. Sai su zauna wurina suna jira.

Ornella da mijinta Tiziano daga Italiya suka zo ɗaukar Yeimi, kuma wannan ne satinsu na biyar. Shi Tiziano kullum yana kicin ɗina yana neman tsokana.

"Doña Nubia, wannan taliya ce ko igiyar shanya kika dafa?"

"In ba ta yi maka ba, ga tukunya ga wuta."

Da safe su wanke 'yan kayansu, su buga wa lauya waya, lauya ya ce a ƙara haƙuri. Da rana su zauna a tsakar gida suna koya wa Yeimi ƙidaya da wake. Shekararta huɗu. Ba ta cika magana ba. Takan ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi, in kuwa aka buɗe famfo sai a same ta a ƙarƙashin gado. Takardunta sun ce uwarta ta nutse a rafi, a wani ƙauye can kudu, tafiyar kwana biyu a mota.

Kwana uku kafin ranar, Ornella ta tsare ni a wurin shanya da Sifaniyancinta na tsince-tsince.

"Wa kika gaya wa muna nan?"

"Kamar yaya?"

"Akwai wata mata. Kullum da yamma tana bayan shinge tana kallon ɗakinmu. 'Yar'uwar yarinyar ce? Ke kika kira ta?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata yara sun fi ɗari da suka bi ta gidan nan, ban taɓa sayar da asirin ko ɗaya ba. Ba ta yarda ba. Ta fara kulle ɗaki, ta daina bari in ba Yeimi abinci da hannuna. Ni kuma na sa a raina jira ne ya fara taɓa mata kai, har na soma tunanin ko irin wannan matar ta dace a ba ta 'ya.

Ranar Alhamis ɗin Tiziano ya tafi Bogota ganin lauya. Da na ɗauki jarka sai ta ce za su raka ni. Na san ba tafiyar take so ba, so take ta ga da wa nake magana.

Hanyar gidan mai shanun da muke sayen madara wurinsa, Don Eliécer, ta ratsa gonakin kofi, ta haye wata 'yar gada ta katako. Kwazazzabon da ke ƙarƙashinta a bushe yake, don an yi sati uku ba a ga ɗigon ruwa ba. Muka sayi madara muka juyo.

A bakin gadar muka same ta.

Doguwa ce, da baƙin siket da farar riga, da kati rataye a wuya, ta rungume fayil a ƙirji. Irin shigar ma'aikatan ofishin kula da yara sak.

"Ita ce," in ji Ornella ƙasa-ƙasa. "Kin san ta ke nan."

"Ban taɓa ganinta ba."

Matar ta gaishe mu da ladabi. Muryarta a sanyaye, kamar mai magana daga cikin randa.

"Daga ofis nake. Na zo duba yarinyar. Minti biyu kawai, ni da ita."

Na ga jikin Ornella ya saki. Abin da kowane mai jira ke tsoro ke nan: ka saɓa wa ma'aikaciya, ta rubuta layi ɗaya a rahoto, a karɓe maka yaro. Yatsunta suka fara sassautawa daga hannun Yeimi.

Ni kuwa na san duk matan ofishin nan, har sunayen mazajensu. Kuma ba wadda ke aiki bayan ƙarfe biyar.

"Ina Señora Amparo?" na tambaye ta. "Ai ita ke zuwa mana."

Ba ta ko dube ni ba.

Sai na lura gyare sun yi shiru. Duk gonar tsit. Wani ƙarni ya taso, irin na laka da ruɓaɓɓen ganye bayan ambaliya.

Ɗis. Ɗis.

Fayil ɗin ne ke ɗiga. Ruwa na fita daga tsakanin takardun yana sauka kan katako. Na kai ido ƙasa. Taɓo ne a ƙafafunta har gwiwa, ɗanye sharaf.

Ta durƙusa, ta miƙa hannu.

"Taho, Chiqui."

Wannan suna ba ya cikin kowace takarda. Sunan shagwaɓa ne, irin wanda uwa ke kiran 'yarta da shi. Na ce a raina, uwar ce ta taso.

Yeimi ta kama bakin siket ɗina. Da ƙyar na ji abin da ta faɗa.

"Ba mamata ba ce." Ta ƙara damƙe siket ɗin. "Ita ce ta kira mamata cikin ruwa."

A ƙarƙashin gada na ji ƙugi. Ruwa ne ke tahowa ta busasshen kwazazzabo.

Matar ta cafki wuyan hannun yarinyar.

"Ornella!" na ce. "Kada ki saki!"

Ta dube ni. A idonta na ga tana auna ni: ko baki ɗaya ne da ni da matar, ko gaskiya nake faɗa.

"Zan rubuta," in ji matar, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Zan rubuta kin ƙi."

"Ki rubuta!" Ornella ta sunkuya ta rungumi Yeimi ta ƙugu. "'Yata ce!"

Suka shiga ja. Hannun matar ya yi ta tsawo, ita ba ta motsa daga inda take ba. Yeimi ba ta yi kuka ba, bakinta a buɗe kawai.

Na ɗaga jarkar madara da hannu biyu na sauke mata a gwiwar hannu.

Ban ji ƙashi ba. Kamar na doki jiƙaƙƙen buhu.

Ta saki.

Muka kwasa. Katako na rawa a ƙarƙashinmu, ruwa mai sanyin ƙanƙara na dukan idon sawunmu. Ba wadda ta waiga. Sai da muka ga fitilar shagon farko na gari sannan Ornella ta zube a bakin titi, yarinyar manne a wuyanta.

Washegari Señora Amparo ta gaske ta zo ziyararta. Ta ga shatin yatsu biyar a wuyan hannun Yeimi, baƙi ƙirin. Ta dubi Ornella, ta zare murfin biro. Na yi maza na ce ni ce, babur ya taho a guje na fizge ta daga titi. Ta daɗe tana kallona kafin ta mayar da murfin.

Bayan kwana tara alƙali ya sa hannu. Da za su shiga mota Ornella ta rungume ni.

Bayan tafiyarsu da wata biyu wasiƙa ta iso daga Italiya, mai kauri, da alama har da hotuna. Na kifa ta don kada idona ya faɗa kan adireshin, na jefa ta a murhu ban buɗe ba. Har yau ban san sunan garinsu ba, kuma ba na so in sani.

Domin wani lokaci da almuru, in ina kwashe shanya, nakan ji ƙarnin laka ta bayan shinge, sannan muryar nan cikin ladabi:

"Doña Nubia, ina aka kai ta?"

Ni kuma in ce ban sani ba, kuma ba ƙarya na yi ba.