Mai Tari a Cikin Garmaho

Ana kiran sallar magariba a Panshekara, Aina'u na kwashe tuwo, sai garmahon da ke falo ya yi tari. Tari ne irin na ƙaramin yaro. Tun safe babu wuta a unguwar, wayar wutarsa ma tana naɗe a ƙasa.

Mijinta Abdulbaqi, mai gyaran wuta a wani kamfanin roba a Sharada, shi ya kawo shi gidan. Mutum ne da in ya ga tsohon rediyo sai ya manta da cikinsa. Wannan kuwa rediyo ne haɗe da garmaho cikin dogon akwatin katako, kuma ya san tarihinsa fiye da na kakanninsa. Wani Balaraben Lebanon, manajan masaƙa a Bompai, ya sayo shi, ya bar wa direbansa Dalhatu, ɗan Dalhatu ya jefa shi sito shekara da shekaru. Abdulbaqi ya canza wayoyi, ya samo allura, ya goge katako. Da ya ga gara a bayansa, sai ya tsiyaya maganin ƙwari na piya-piya ta ramukan iska, da almuru, ba bismillah, ba sallama ga na ciki. Aina'u ta yi magana, ya ce camfi ne.

Bayan tarin sai jifa. Rana na faɗuwa duwatsu su fara sauka a kan kwano, a leƙa, ba kowa. Sannan Shifa'u, tilon 'yarsu, ta daina cin abinci. Takan zauna gaban akwatin tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri, tana tari har numfashinta ya sarƙe. A asibiti aka ce ƙirjinta lafiya lau. Yarinya tana ƙarewa a gaban idonsu, uban da ya iya gyaran komai ya rasa inda zai kama.

Aka ɗauko Malam Mamman daga Dorayi bayan la'asar. Ya zauna yana karatu a kunnen yarinyar har rana ta yi ja. Sai bakin Shifa'u ya buɗe da muryar babbar mace.

"Tun zamanin Balaraben nake cikin akwatin nan. Dalhatu ba ya buɗe shi sai ya yi mini sallama. Uban yarinyar nan kuwa ya zuba wa ɗana guba yana barci. A hannuna ya yi ta tari har ya cika."

"Bai sani ba," in ji Malam.

"Bai tambaya ba. Ɗa da ɗa, Malam. Da tasa zan tafi."

Abdulbaqi ya zube ƙasa. "Don Allah ki ɗauke ni. Ni na zuba."

"Kai ba ka ishe ni ba."

Malam ya ce yarinya ba ta da laifi, Allah kuma ba ya ɗora wa wani nauyin wani. Ya ci gaba da karatu, mai maganar ta yi ƙara, ta nemi a yanka mata baƙar akuya. Ya ce ba za a zubar da jini ba. Sai kuka ya biyo baya, kukan uwa.

"To a binne mini shi. Yana bayan lasifika, na kasa ɗaga shi. Wanda ya kashe shi ya sa shi a ƙasa da hannunsa, in tafi."

Abdulbaqi ya kwance bayan akwatin. A lungu ya tarar da wani busasshen abu kamar tsaka, amma fuskar ba ta tsaka ba ce. Aina'u ta yago farin ƙyalle ta miƙa masa, ba ta dube shi ba. Ya naɗe shi, ya fita ya durƙusa gindin katanga yana tonon ƙasa da yatsunsa.

A ɗaki Shifa'u ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Can ta miƙe, ta dafa bango har bakin ƙofa, ta ce da muryarta ta kullum, "Baba, me kake binnewa?"

Ya buɗe baki zai amsa, kuka ya ci ƙarfinsa. Ya ci gaba da tura ƙasa.