Sallamar da Vuai Ya Yanke

Ladanin unguwar Ng'ambo bai gama kiran magariba ba, Mwatima tana zaune a tsakar gida tana kankare kwakwa, sai dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Mahaifinta, tsoho Vuai, ya ɗaga kai daga alwala. Dutse na biyu a cikin falo ya faɗo, ƙofa a rufe. Da ya ɗauka ya juya shi, sai ya ga shuɗin fenti a gefe guda. Ya san fentin. Na bangon sinimar da ya yi wa aiki shekara talatin ne, wadda aka rushe a makon nan.

Kwana uku ana jifa. Kullum da faɗuwar rana kuma, dariya takan tashi daga ƙuryar ɗakinsa, ta mutane da yawa, ta ɗauke lokaci guda. Rana ta huɗu Mwatima ta ajiye kwakwa, ta zuba wa bango ido, dariyar nan duka ta fito daga bakinta. Ita kaɗai ta rage wa Vuai a duniya. Ta daina ci, ta daina gane shi.

Malam Jecha, mai cire aljanu, ya zo daga tsibirin Pemba da jakar littattafai da turaren wuta. Ya yi karatu a kanta har muryarsa ta dushe, sannan ya tambayi wanda ke jikinta ko wane ne, me kuma yake nema.

"Tambayi mai almakashi," in ji wata murya mai kauri daga ƙirjinta. "Ga shi can yana rawar ɗari. Vuai, ashe ka tsufa haka?"

Dole Vuai ya yi bayani. Akwai tsohon fim ɗin nan na ban tsoro da ban dariya, na aljanin da ke tsoron kaza, wanda duk tsibirin Unguja an haddace shi. Lokacin da fim ɗin ya iso, masu tace finafinai suka ce a cire wurin da boka yake sallamar aljanin daga jikin yarinya, domin an haɗa karatu na gaskiya da wasa. Vuai ne ya yanke. Ƙa'ida ita ce a ƙone abin da aka cire a gaban shaidu, amma shi ya naɗe ya jefa a gwangwanin alewa, don yana jin daɗin a ce akwai abin da shi kaɗai ya gani.

Muryar ta ce kiran aljanin da aka yi a farkon fim ɗin ma na gaskiya ne, kuma da sunansa aka yi, shi mai maganar. Duk lokacin da aka haska, sai a kira shi ya zo, ba mai ce masa tafi. Ya haƙura ya zauna a sinima, yanzu an rushe masa ita. Abu ɗaya yake so, a karanta masa sallamarsa.

Aka jawo gwangwani daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe, wari mai tsami ya cika ɗakin. Danshin teku ya narkar da fim ɗin, ya dunƙule ya zama baƙin curi. Malam ya dubi Vuai.

"To baba, kai ka faɗa da bakinka. Kai ka gani."

"Gani na yi, Malam. Ban ji ba."

A teburin yanka ba sauti. Ɗaga fim ake yi a hasken fitila, a nemi alamar da aka sa, a datse. Vuai ya tuna bakin bokan yana motsi, ya tuna kazar a kan gado, amma ko kalma ɗaya ba ta taɓa shiga kunnensa ba.

Malam ya karanta duk sallamar da ya sani. Muryar ta saurara cikin ladabi, ta ce ba ita ba ce. A ƙarshe suka daidaita: aljanin zai fita don girman karatun, ba zai ƙara jifa ba, amma duk sanda aka kunna fim ɗin kusa da ita, kira ne, kuma dole ya amsa. Mwatima ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce, "Baba, yunwa nake ji."

Malam ya ɗaure jakarsa, bai yarda sun haɗa ido da Vuai ba. Ya dai ce a gwada kai ta ƙauye, ko da yake ƙauyen ma yanzu kowa da waya a hannu.

Vuai ya zauna yana kallonta tana cin shinkafa, loma bayan loma. Ta kusa cinyewa, sai daga shagon mai shayi da ke bayan katanga kiɗan farkon fim ɗin ya taso, samari suka soma tafi. Hannunta ya tsaya tsakanin kwano da baki.