Farin Kifin Gurbin Dutse

Ana gab da magariba, Maman Auta tana kwashe shanya a tsakar gida, dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi. Ya gangaro ya tsaya a gaban ƙafarta. Sumul yake, jiƙe sharkaf, da gansakuka a jikinsa, alhali an yi wata huɗu ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

Mijinta mai binciken kifi ne. Shekara goma yana bin koguna, yana rubuta wane kifi ke zaune a wane ruwa. A makon nan ya dawo daga wani gurbi mai zurfi cikin duwatsu, tafiyar kwana uku, da wasu fararen kifaye biyu marasa ido waɗanda babu su a kowane littafi. Masuntan wurin sun ƙi taya shi jefa koma, sai ya jefa da kansa. Ɗaya ya saka a kwalbar maganin hana ruɓewa, ɗaya yana iyo cikin akwatin gilashi a falo.

Tun daga ranar, Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyu, ta daina surutu. Da rana ta yi ja sai ta tsaya gaban gilashin, gashinta na ɗigar ruwa, jikinta na warin laka. Duwatsu kuwa kullum ƙaruwa suke.

"Yaran maƙwabta ne," in ji mijin. "Ke ma da iliminki?"

Washegari da ya tafi ofis, Maman Auta ta juye kifin falon a bokiti, ta kai kogin bayan gari ta zuba. A ganinta ruwa duk ruwa ne.

Da yammar nan Auta ta faɗi, numfashinta na fita kamar na wanda ake dannawa cikin ruwa. A guje mijin ya ɗauko wani tsohon malami mai ruƙiyya. Malam ya zauna kusa da kanta, ya daɗe yana karatu. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a sanyaye.

"Biyu aka ɗebe mini."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai kiwonsu. Tun kafin a haifi kakanku nake ƙirga su."

Maman Auta ta durƙusa. "Na mayar da ɗaya, baiwar Allah. Da hannuna na zuba shi a kogi."

"Wane kogin?" in ji muryar.

Mijin ya juyo ya dube ta, fuskarsa ta sauya. Shi ya fi kowa sanin cewa kogin bayan gari bai haɗu da wancan gurbin ba ko ta ina. Ruwansa ɗumi ne, cike da tarwaɗa.

"Baƙon ruwa kika kai shi," muryar ta ce. "Ko la'asar bai kai ba. Ku ba ni yarinyar, mu rabu lafiya."

"Ba ki da iko da ita," Malam ya ce, bai ɗaga murya ba. "An zalunce ki, na yarda. Amma ita me ta ɗauka? Faɗi wani abin, ko in ci gaba da karatu."

Ruwa na bin gefen tabarmar da Auta ke kwance a kai.

"Na cikin kwalba," in ji muryar, "a mayar da shi gidansa a binne a bakin gurbi. Sai takardar da ubanta ya zana hanya. In ta fita, gobe wasu za su zo da koma."

Taswirar na cikin jakar mijin, ita kaɗai ce, ranar Litinin zai gabatar da ita a ofis. Maman Auta ba ta roƙe shi ba. Ta tashi ta ɗauko ashana, ta ajiye a gabansa.

Ya ƙyasta sau uku kafin ta kama.

Da takardar ta zama toka, Auta ta yi wani dogon tari, ta amayar da ruwa mai sanyi ƙalau. Ta buɗe ido ta ce, "Mama, me ya jiƙa ni haka?"

Da asuba mijin ya ɗauki kwalbar ya kama hanya. Har yau, a babbar taswirar da ke bangon ofishinsa akwai wani fili fari a cikin duwatsu. In abokan aiki suka tambaya, sai ya ce ya je, bai sami komai ba.